Yadda Masana'antun Magani Ke Hana Ƙwayoyin Cuta Shiga Allura Da Kayan Asibiti

Yau za mu ɗan ajiye zancen wayoyi da manhajoji, mu leƙa wata fasaha da ke taɓa rayuwarmu fiye da kowace waya, wato fasahar da ke tabbatar da cewa allurar da aka yi maka, ledar ƙarin ruwan da aka rataya wa ɗan'uwanka, ko maganin da ka ɗiga a idonka ba su ɗauke da ƙwayar cuta tun daga inda aka haɗa su.

A farkon shekarar 2023 aka janye wani maganin ɗigawa a ido mai suna EzriCare daga kasuwannin Amurka. Wani kamfani ne a birnin Chennai na Indiya yake haɗa shi. Maganin bushewar ido ne kawai, irin wanda masu yawan kallon sikirin ke saye ba tare da takardar likita ba. Zuwa watan Mayun wannan shekarar, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 81 a jihohi 18 da suka kamu da wata bakteriya mai suna Pseudomonas aeruginosa, irin wadda magunguna da yawa ba sa iya kashewa. Mutum 14 sun rasa gani, an cire wa 4 ƙwayar ido gaba ɗaya, 4 kuma sun mutu. Kwalbar tana da kyau, ruwan cikinta garau yake, kuma wa'adinsa bai ƙare ba. Babu yadda za a yi mai saye ya gane da idonsa.

To ta yaya ake hana irin wannan? Ga bayanin dalla-dalla.

Me ya sa abin yake da wuya?

Da farko mu san girman abokin gabar. Ana auna ƙwayoyin cuta da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum ya kai kusan maikuron 70, ita kuwa bakteriya yawanci tsakanin maikuron 1 zuwa 2 take. Ga ta da saurin haihuwa. Wasu irinta, idan suka samu abinci da ɗumi, suna rabuwa gida biyu duk bayan minti 20. Ka buga lissafin a wayarka: ƙwaya ɗaya tak, cikin awa 8, za ta haura miliyan 16.

Sannan ba duka magunguna ne hatsarinsu ɗaya ba. Ƙwayar maganin da ka haɗiya tana bi ta ciki, inda ruwan ciki mai tsami yake kashe ƙwayoyin cuta da dama. Shi ya sa doka ta yarda a samu 'yan ƙwayoyi kaɗan a irin wannan maganin, matuƙar ba su wuce adadin da aka ƙayyade ba, kuma babu miyagun cikinsu. Amma allura tana huda fata ta kai maganin cikin jini kai tsaye, ta tsallake duk shingen da jiki ya tanada. Haka maganin ido, da zaren ɗinkin tiyata, da robar fitsari, da ƙarfen da ake sa wa mai karaya. Waɗannan dole su zo babu ƙwaya mai rai ko ɗaya.

Ƙwayoyin kuma ta hanyoyi sanannu suke shigowa: ta iska, ta ruwa, ta kayan haɗin, ta injinan da ake aiki da su, sai kuma babbar hanya, wato jikin ma'aikata. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗakin tsafta: inda iska ke bin doka

Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Willis Whitfield, shi ya ƙirƙiro ɗakin tsafta na zamani a farkon shekarun 1960, a cibiyar bincike ta Sandia. Dabararsa ita ce maimakon a yi ta share ɗaki ana goge ƙura, a bar iska tatacciya ta riƙa saukowa daga sama babu tsayawa, tana tura duk wani datti ƙasa tana fita da shi. Irin wannan ɗakin ne ake ƙera furosesar wayarka a ciki, domin ƙura ɗaya tana iya lalata ta. Bambancin kawai, mai ƙera furosesa ƙura ce damuwarsa, shi kuwa mai haɗa allura yana tsoron ƙurar saboda a kanta ƙwayoyin cuta ke hawa su yi yawo.

Matatar da ake tace iskar da ita sunanta HEPA. Tana kama aƙalla kashi 99.97 cikin 100 na ɓurɓushin da girmansa ya kai maikuron 0.3. Akwai kuma ma'aunin duniya mai lamba ISO 14644 da ya raba ɗakunan aji-aji. A aji na 5, ba a yarda a samu ɓurɓushi mai girman maikuron 0.5 zuwa sama fiye da 3,520 a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe ba. Aji na 7 kuwa 352,000 ne iyakarsa, aji na 8 kuma 3,520,000. Iskar ɗakin da kake zaune yanzu tana iya ɗauke da miliyoyi masu yawa a cikin wannan akwatin.

Tarayyar Turai tana da nata tsarin na ɗakunan haɗa magani, daga A zuwa D. Matakin A shi ne daidai wurin da kwalba take a buɗe ana zuba mata magani. A nan iska tana tafiya fuska ɗaya, da saurin da ake so ya kasance tsakanin mita 0.36 zuwa 0.54 a daƙiƙa. B shi ne ɗakin da ke kewaye da A, sai C da D inda ake shirye-shiryen farko.

Akwai wata dabara mai burgewa a tsarin ginin. Ana cusa wa ɗaki mafi tsafta iska fiye da na kusa da shi, ta yadda matsin iskarsa zai ɗara na maƙwabcinsa da aƙalla faskal 10. Saboda haka duk lokacin da aka buɗe ƙofa, iska daga ciki take fita, ta waje ba ta samun hanyar shiga. Ƙofofin ma ana haɗa su da makullin lantarki: ta ciki ba za ta buɗe ba sai ta waje ta rufu.

Mutum shi ne babbar matsala

Ko ka yi wanka sau uku, jikinka yana zubar da ɓurɓushin fata a kowane lokaci, kuma kowane motsi yana ƙara yawansa. Magana, tari, sosa kai, duk suna watsa ƙwayoyi. Don haka kafin ma'aikaci ya shiga ɗakin B sai ya ajiye agogo, zobe, ɗan kunne da wayarsa, kuma ba a shiga da kwalliya. Zai bi ta ɗakunan canza kaya, ya sa riga mai rufe jiki duka wadda aka riga aka kashe ƙwayoyin jikinta, da hula mai rufe kai da wuya, da takunkumi, da tabarau, da takalma, da safar hannu biyu. Sa kayan ma kansa darasi ne da ake koya ana jarrabawa, domin idan hannu ya taɓa bayan rigar ko ta taɓa ƙasa, sai dai a ɗauko wata.

A ciki ba a gudu, ba a saurin juyawa, ba a surutu, kuma ba a miƙa hannu ta saman buɗaɗɗiyar kwalba, don kada a tare mata iska mai tsafta. Bayan an gama aiki ma'aikaci zai danna yatsunsa biyar a kan wani faranti mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta, a ajiye farantin a wuri mai ɗumi na 'yan kwanaki a ga ko wani abu zai tsiro.

Da yake mutum ne matsalar, masana'antun zamani suna ƙoƙarin raba shi da maganin kwata-kwata. Suna sa injin zuba magani a cikin rufaffen akwatin gilashi da ƙarfe, a feshe cikinsa da tururin sinadarin haidirojin farokzaid, ma'aikaci kuma yana waje, yana aiki ta dogayen safofin hannu da ke manne a jikin akwatin. Wasu sababbin injinan ma babu safar, hannun mutum-mutumi ne ke yin komai a ciki.

Ruwa, inda ƙwayoyi suka fi son zama

Ruwa shi ne kayan haɗin da aka fi amfani da shi a masana'antar magani, kuma shi ne mafi wuyar tsarewa. Ruwan da ake haɗa allura da shi ana samar da shi ne ta hanyar dafa shi ya zama tururi a sake mayar da shi ruwa, ko ta tace shi da matatu na musamman hawa-hawa. Bayan nan ba a barinsa ya kwanta. Yana ta zagaye a cikin bututan ƙarfe masu santsin ciki dare da rana, kuma galibi da zafin da ya haura digiri 70.

Dalili shi ne duk inda ruwa ya tsaya, bakteriya tana manne wa bango ta gina wa kanta gida mai yauƙi, irin santsin da kake ji a cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba. Idan wannan yauƙin ya kafu, maganin kashe ƙwayoyi ba ya ratsa shi da sauƙi. Shi ya sa injiniyoyi ke ƙin duk wani guntun bututu da ruwa zai shiga ya rasa mafita.

Wannan matsalar ta shafi na'urorin asibiti ma. Akwai na'urar da ke ɗumama jinin majiyyaci ko ta sanyaya shi lokacin tiyatar zuciya, tana da tankin ruwa da fanka. Ruwan ba ya taɓa jinin. Duk da haka likitoci a Suwizalan suka fara lura da majiyyata suna kamuwa da wata bakteriya mai jinkirin girma, Mycobacterium chimaera, watanni ko shekaru bayan tiyata. Bincike ya nuna cewa bakteriyar tana girma a tankin, fankar kuma tana watsa ta cikin iskar ɗakin tiyata, ta sauka a buɗaɗɗen ƙirjin majiyyaci. Da aka gwada tsarin halittar ƙwayoyin da aka samu a ƙasashe daban-daban, sai aka ga kusan iri ɗaya ne da waɗanda aka samu a masana'antar da ke ƙera na'urar samfurin 3T a Jamus. A watan Oktoba na 2016 CDC ta fitar da gargaɗi a kan na'urar, wadda a lokacin da ita ake yin kusan kashi 60 cikin 100 na irin wannan tiyata a Amurka.

Hanyoyin kashe ƙwayoyi

Abin da aka fi so shi ne a zuba magani a kwalba, a rufe, sannan a kashe duk abin da ke ciki. Ga hanyoyin da aka fi bi:

Tururi mai matsi. Wata babbar tukunya ce mai rufewa ruf, wadda ake kira otokilef. Ma'aunin da aka sani shi ne digiri 121 na tsawon minti 15. Ruwan da ke tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, kuma wasu bakteriya suna naɗe kansu cikin wani sulke mai tauri da ke jure wannan zafin. Matsi ne ke ba tururi damar haura 100.

Busasshen zafi. Kwalaben gilashi suna bi ta cikin wani dogon murhu mai zafin digiri 250 ko fiye kafin su isa wurin zuba magani.

Iskar gas ta etilin okzaid. Roba ba ta jure zafi, saboda haka robar fitsari, bututan ƙarin jini da kayan tiyata da yawa da wannan gas ake tsaftace su, suna cikin ledarsu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce kusan rabin kayan asibitin da ake tsaftacewa a ƙasar, wajen guda biliyan 20 a shekara, ta wannan hanya ake bi da su. Matsalarta ita ce gas ɗin yana jawo ciwon daji, don haka sai an bar kayan sun sha iska sosai kafin a fitar, kuma dole a kiyaye ma'aikata da maƙwabtan masana'antar.

Hasken gama. Ana wuce da kwalayen kaya ta gaban sinadarin kobalt-60, hasken ya ratsa kwali da leda ya lalata tsarin halittar ƙwayoyin. Adadin da aka saba bayarwa shi ne kilogire 25. Kayan ba sa ɗaukar hasken su riƙe, kamar yadda hoton ƙashi ba ya mayar da kai mai fitar da haske.

Tacewa. Alluran rigakafi, insulin da magunguna da yawa zafi yana lalata su. Waɗannan sai dai a tace su ta matata mai ƙofofin maikuron 0.22, sannan a zuba su a kwalaben da aka riga aka tsaftace, a ɗakin A. Wannan ita ce hanya mafi hatsari, domin bayan an rufe kwalba babu wani mataki da zai gyara kuskure.

A duk inda aka kashe ƙwayoyi bayan rufe kaya, burin da ake nema a lissafe yake: yiwuwar a samu ƙwaya mai rai a kan kaya ɗaya kada ta wuce ɗaya cikin miliyan. Don a tabbatar injin ya yi aikinsa, ana sa masa 'yan takardu masu ɗauke da ƙwayoyin da aka san sun fi kowa taurin kai. A tukunyar tururi ana amfani da Geobacillus stearothermophilus. Idan ta mutu, sauran ba su da ta cewa.

Wani abin lura: barasar goge fata mai kashi 70 ba ta kashe ƙwayoyi masu sulke. A 2011 an janye miliyoyin 'yan ƙyallayen barasa na goge wurin allura a Amurka, saboda fargabar suna ɗauke da bakteriyar Bacillus cereus. Abin da aka yi don tsafta shi kansa ya zama abin tsoro.

Ko sun mutu, da sauran rina a kaba

Wasu bakteriya ko an kashe su, ɓawon jikinsu yana barin wata guba mai suna endotokzin. Idan ta shiga jini tana kawo zazzaɓi mai zafi, jini ya faɗi, wani lokaci har a rasa rai. Tukunyar tururi ba ta gamawa da ita, matatar 0.22 ma ba ta tare ta. Wannan ne ya sa ake gasa kwalabe a digiri 250, kuma ake hana ƙwayoyi yawa a ruwa tun farko.

Yadda ake gano gubar abin mamaki ne. Akwai wata halittar teku mai siffar kofaton doki, mai shuɗin jini, wadda jininta ke daskarewa da zarar ya haɗu da gubar. Masu bincike biyu, Frederik Bang da Jack Levin, su suka gano haka, kuma FDA ta amince da gwajin a 1977. Har yau ana kama waɗannan halittu a gaɓar tekun Amurka a ɗebi jininsu a mayar da su ruwa. Daga baya masu bincike a jami'ar ƙasa ta Singafo suka samar da irin sinadarin a ɗakin gwaji, kuma kamfanoni sun fara komawa gare shi.

Me ya sa gwajin ƙarshe bai isa ba?

Za ka iya cewa, to a gwada maganin mana kafin a fitar. Ana gwadawa. Sai dai duk kwalbar da aka gwada ta tashi daga aiki, don haka ba za a gwada duka ba. A babban zubi, kwalba 20 ake ɗauka, a zuba abin cikinsu a romon da ƙwayoyi ke so, a jira kwana 14.

Yanzu mu yi lissafi. A ce an cika kwalba 100,000, kuma ɗaya cikin kowace dubu ta gurɓata, wato kwalba 100 ke nan masu hatsari. Yiwuwar a dace da ko ɗaya daga cikinsu a cikin 20 ɗin da aka ɗauka kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai. Ko da ɗaya cikin ɗari ce ta gurɓata, yiwuwar kamawa kusan kashi 18 ce kawai. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san wannan yanayin: ka gwada a wayoyi biyar komai lafiya, ka saki, sai ƙorafi ya fara shigowa. Bambancin shi ne manhaja ana tura mata gyara, allurar da ta shiga jiki kuwa ba ta dawowa.

Saboda haka abin da ake gwadawa da gaske shi ne tsarin aikin kansa. Lokaci-lokaci, galibi sau biyu a shekara ga kowane layin zuba magani, ana cire maganin a sa romon ƙwayoyi a madadinsa, a cika dubban kwalabe kamar ranar aiki sosai, har da tsayawar inji da canjin ma'aikata. Sai a ajiye su kwana 14. Abin da ake nema shi ne kada ko ɗaya ta yi duhu. Idan aka samu, sai bincike.

A ranakun aiki kuma na'urorin ƙirga ɓurɓushi masu amfani da hasken leza suna auna iskar ɗakin A babu yankewa. Ana buɗe faranti mai faɗin milimita 90 a bar shi har awa 4 ya kama duk abin da ya faɗo. Sensa-sensa na zafi, danshi da matsin iska suna tura bayanai zuwa kwamfuta, wadda ke kaɗa ƙararrawa idan wani adadi ya kauce. Sabuwar dokar Tarayyar Turai kan wannan fanni, da aka fitar a 2022 ta fara aiki a watan Agustan 2023, ta wajabta wa kowace masana'anta ta rubuta cikakken tsari guda da ke haɗa duk waɗannan matakai, maimakon kowane sashe ya riƙa yin nasa.

Idan na'ura ta yi magana aka ƙi ji

Duk waɗannan na'urori ba su da amfani idan mutane suka yi biris da abin da suka nuna. Misalai biyu sun isa.

A 1972 majiyyata biyar suka mutu a asibitin Devonport da ke Ingila bayan an yi musu ƙarin ruwa. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya gano cewa iska ta maƙale a cikin tukunyar tururin kamfanin da ya haɗa ruwan, don haka kwalaben da ke ƙasa ba su samu zafin da ya kamata ba. Na'urar da ke rubuta zafi ta nuna akwai matsala, amma da yake an saba ganin tana ba da matsala, sai aka ɗauka ita ce ta lalace, aka ci gaba da aiki. Wannan lamari yana cikin abubuwan da suka sa aka tsaurara dokokin haɗa magani a Birtaniya.

Bayan shekara 40, a 2012, wani kamfanin harhaɗa magunguna a jihar Massachusetts ta Amurka, New England Compounding Center, ya rarraba allurar ciwon baya da ake yi kusa da laka, wadda fumfuna ta gurɓata. CDC ta ƙirga mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, 64 daga cikinsu suka mutu, da yawa da sanƙarau. Masu binciken FDA sun tarar da cewa gwaje-gwajen kamfanin na kansa sun yi ta nuna fumfuna da bakteriya a ɗakunan tsafta tsawon watanni kafin abin ya faru, kuma ana kashe na'urar sanyaya ɗakin da dare. Shugaban kamfanin, Barry Cadden, ya tafi gidan yari, majalisar Amurka kuma ta yi sabuwar doka a 2013.

A nan ne aikin masu rubuta manhaja ya shigo. Tun 1997 Amurka take da dokar da ta tsara yadda za a adana bayanan kwamfuta a wannan fanni. Dole kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa. Dole manhajar ta riƙa ajiye tarihin duk wani canji: wa ya yi, yaushe, mene ne a wurin kafin ya canza. Kuma sabon bayani ba ya goge tsohon. Idan sakamako ya fito da muni aka sake gwaji har ya yi kyau, tarihin zai tona asiri. Kamfanin Ranbaxy na Indiya ya biya dala miliyan 500 a Amurka a 2013, bayan reshensa na can ya amsa laifukan da suka haɗa da sayar da gurɓatattun magunguna da ba hukuma bayanan ƙarya. Ga matashin da ke koyon rubuta manhaja, wannan fage ne da ake neman masu hannu, kuma abin da aka fi daraja a cikinsa shi ne tsarin da ba ya yarda a yi masa ƙarya.

Naka aikin

Duk wannan wahalar da masana'anta ta sha tana iya tashi a banza a hannun mai sayarwa ko mai amfani. Ga abubuwan da za ka kula da su:

Ka duba ledar sirinji ko ta kowane kayan asibiti kafin a buɗe. Idan ta huje, ta jiƙe ko ta ɓalle, a canza. Ka tabbata a gabanka aka buɗe sabuwa.

Ka ɗaga ledar ƙarin ruwa ko kwalbar allura ka kalla a haske. Idan ruwan da ya kamata ya zama garau ya yi duhu, ko ka ga wani abu yana yawo, ko tana yoyo, kada a yi amfani da ita. Sai dai ka tuna, garau ɗin ba shaida ba ce cewa babu ƙwaya.

Kada bakin kwalbar maganin ido ya taɓa idonka ko yatsanka, kuma kada ku yi karo-karo da wani. Yawancinsu ana zubarwa bayan kwana 28 da buɗewa, ko da saura. Ka rubuta ranar da ka buɗe a jikin kwalin, ko ka sa wa wayarka tunatarwa.

A Najeriya, ka duba lambar rajistar NAFDAC, lambar zubi da ranar ƙarewar wa'adi. Idan kwalin yana da wurin kankarewa, ka kankare ka tura lambar ta saƙon tes kamar yadda aka rubuta a jiki. Lambar zubi ita ce ake sanarwa idan za a janye magani daga kasuwa, don haka ɗaukar hoton kwalin da waya kafin a yar da shi ba ƙaramin amfani gare shi ba.

Ka guji sayen allura ko maganin ido a hannun masu talla a tasha ko a cikin mota, inda rana ke dukansu kuma babu wanda ya san ta inda suka biyo.

Idan kuwa bayan allura ko ƙarin ruwa aka ga zazzaɓi da rawar ɗari nan take, ko ido ya yi ja yana ciwo yana fitar da ruwa bayan ɗiga magani, a daina amfani da shi, a garzaya asibiti, a tafi da kwalbar da kwalinta. Lambar da ke jiki za ta iya taimaka wa hukuma ta gano sauran kwalaben kafin su isa hannun wasu.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.